Waiwaye: Wa Ya Fara Sayar da Motar Nan?

Ranar 31 ga Disamba, 1968, wata tirela ta tsaya a ƙofar gidan sayar da motocin Chevrolet a La Harpe, wani ɗan garin manoma da ke yammacin jihar Illinois ta Amurka. Sababbin motoci biyu ta ɗauko, ƙirar Camaro, shuɗaye. Aka murza makulli, shiru. Aka sake murzawa, shiru. Sanyin ran nan ya daskarar da komai, dole janyo su aka yi daga kan tirelar. Saura 48 irinsu suna tafe, domin mai gidan, Fred Gibb, guda 50 ya yi oda.

Me dilan ƙauye zai yi da motar tsere har 50? Gibb mutum ne da tseren mota ya zame masa jiki, irin tseren nan na miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, wanda ake gamawa cikin 'yan daƙiƙu. Ƙungiyar NHRA da ke shirya shi tana da sharaɗi a lokacin: kafin mota ta shiga ajin motocin kasuwa, sai an ƙera aƙalla 50 irinta don sayarwa. Shi kuma General Motors, uban gidan Chevrolet, yana da tasa dokar a wancan zamanin, cewa ba a ɗora wa Camaro injin da ya wuce kimanin lita 6.6. Injin da Gibb yake so kuwa mai lita 7 ne, zubin alminiyam, ana kiransa ZL1, ga ƙarfi ga rashin nauyi. To amma akwai wata ƙofar baya a kamfanin, wani tsarin oda da ake kira COPO. Asali an yi shi ne don masu sayen motoci da yawa a lokaci guda, irin su 'yan sanda da kamfanonin tasi, waɗanda kan nemi wani fenti ko wani kayan aiki na daban. Ta nan Gibb ya bi, da taimakon wani jami'in Chevrolet mai suna Vince Piggins, aka ba wa odarsa lamba 9560.

Matsala ta taso ne da takardar kuɗi ta iso. Gibb ya yi zaton kowace mota za ta tsaya kusa da dala 4,900. Sai ga injin kaɗai an rubuta masa dala 4,160, motar gaba ɗaya ta haura dala 7,200, a zamanin da Camaro ta gama-gari mai silinda takwas take kimanin dala 2,700. Da wannan kuɗi mutum zai sayi Corvette ya koma gida da canji mai kauri. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sarin kaya suka kwanta masa ya san irin barcin da Gibb ya riƙa yi a shekarar 1969. Guda 13 kawai ya iya sayarwa, ta ƙarshensu ma sai a 1972. Sauran ya roƙi kamfani ya karɓi abinsa, aka karɓa, aka rarraba wa wasu diloli. Wasu dilolin kuma sun yi odar nasu guda 19, jimilla ta zama 69. Daga nan ba a sake ƙera ko ɗaya ba.

Kayan nan da suka kusa karya Gibb, a watan Janairun 2020 an yi gwanjon ɗaya daga cikin 69 ɗin a Scottsdale ta jihar Arizona a kan sama da dala miliyan ɗaya. Nan ne tambayar da ke saman wannan shafi take samun nauyinta. Lambar shasin Camaro ta 1969 ba ta faɗin irin injin da aka saka mata. Abin da take nunawa kawai shi ne ko mai silinda shida ce ko mai takwas, da shekara, da masana'antar da ta haɗa ta, da lambarta a layi. Ke nan duk mai kuɗi da gwanin bakanike zai iya ɗauko Camaro ta gama-gari, ya ɗora mata babban inji, ya fesa fenti, ya ce ga ta Gibb. Haka ake yi wa motocin Don Yenko, wani dila a Canonsburg ta jihar Pennsylvania, wanda shi ma ya bi ƙofar COPO a 1969 ya fito da Camaro 201 masu injin lita 7 na baƙin ƙarfe, ya manna musu sunansa a jiki. Yenko ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1987, gidan motocinsa ya daɗe da rufewa, amma haruffan sunansa na kwaikwayo ana sayar da su a shagunan kayan gyara. Abin da ya raba ta gaske da jabu, wanda kuma yake raba farashinsu ninki-ba-ninki, shi ne hujjar cewa wannan lambar shasin ta ratsa ta wancan gidan.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. A kasuwar shanu mai saye ba haƙoran sa kaɗai yake dubawa ba, yana so ya san ta hannun wane dillali ya shigo kara, domin sunan dillalin shi ne shaidar cewa ba na sata ba ne, kuma shi za a nema idan magana ta taso. Bambancin kawai shi ne dillalin mota da ake nema ya mutu sama da shekara talatin da suka wuce, sai dai a tambayi takarda.

Masu wannan bincike daga jikin motar suke farawa. Tun 1958 dokar Amurka ta tilasta a manna wa kowace sabuwar mota takardar farashi a gilashi, wadda ake kira da sunan Sanata Mike Monroney na Oklahoma da ya kawo ƙudirin, kuma a jikinta akwai sunan dilan da aka aika wa motar. Mafi yawan masu saye a ranar suke yage ta. Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, Chevrolet yana haɗa wani ɗan faranti na ƙarfe a littafin garanti, mai suna Protect-O-Plate, ɗauke da bayanan motar, dila ya ƙara sunan mai saye da ranar ciniki. In ka kai mota sabis, a ɗora farantin a na'ura a danna shi a kan rasit. Da garanti ya ƙare, amfaninsa ya ƙare, sai kwandon shara. Sai kuma takardar da ke bin mota a layin haɗawa, mai gaya wa ma'aikata abin da za su saka. Wannan ba don mai saye aka yi ta ba sam. Shara ce, kuma wasu ma'aikata, maimakon su taka zuwa kwando, sai su cusa ta a ƙarƙashin kujerar baya ko bayan shimfiɗar ƙasa. A Corvette tun daga 1967 manna ta ake yi a saman tankin mai. Yau mutum zai sauke tanki da hannu yana rawa, ya ɗauko wata ruɓaɓɓiyar takarda da burushi mai laushi, ya saka ta a gilashi, saboda lalacin wani lebura ya zama dukiyarsa.

Sai dai duk abin da ke hannun mai sayarwa ana iya ƙirƙirarsa. Ana buga sabon faranti, ana tsufar da takarda da shayi da zafin rana, ana goge lambar inji a sake buga wata. Shi ya sa masu saye suka fi natsuwa da bayanin da ke ajiye a wurin da mai motar ba ya iya sa hannu, wato kundin kamfanin da ya ƙera ta. A nan kuma labarin ya rabu, kowane kamfani da rabonsa.

Masu Ford sun yi dace da wata mata. Lois Eminger ma'aikaciyar kamfanin ce, tana da tsohuwar Thunderbird, ta je neman takardar cinikin motarta ta asali aka ce mata an riga an lalata na wannan shekarar, kamar yadda ake yi wa tsofaffin takardu idan wa'adinsu ya cika. Sai ta nemi izini a bar mata na wasu motocin da ke jiran wuta, aka bar mata. Ta kwashe su ta adana, ta yi shekaru tana aika wa masu motoci takardunsu. Daga baya tarin ya koma hannun Kevin Marti a Arizona, wanda kuma ya samu lasisin amfani da bayanan kwamfutar Ford na motocin da aka ƙera daga 1967. Yau ka ba shi lambar shasi, ya ba ka ranar da aka yi oda, ranar da aka haɗa, ranar da aka sayar, launi, kayan ƙari, da sunan dila har da titin da shagonsa yake. Pontiac ma takardun cinikinsa sun tsira a kan fim na ƙananan hotuna, Jim Mattison ya kafa Pontiac Historic Services a kansu. Abin sha'awa, shi wannan Mattison a ofishin odar COPO na Chevrolet ya yi aiki yana matashi. An daina ƙera Pontiac a 2010, amma har gobe ana iya gaya maka wane dila ya karɓi GTO ɗinka ta 1965.

Chevrolet kuwa, wanda ya fi su yawan motoci, takardunsa na waɗannan shekaru a Amurka ba su tsira ba. Shekara da shekaru masu Camaro da Chevelle suna zaune babu inda za su tambaya, sai wanda Allah ya sa motarsa ta bi ta Kanada, domin reshen General Motors na can ya riƙe kundinsa. Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. Kamfanonin inshora suna da wata hukuma mai bin sawun motocin sata, wadda yanzu ake kira NICB, kuma tun da daɗewa ana ba ta bayanan jigilar sababbin motoci don a gane ta sata idan an kama. Ƙungiyar masu gyaran tsofaffin Corvette, NCRS, ta samu izinin duba wannan kundi, ta fara fitar da rahoto. Layuka kaɗan ne: ranar ƙira, lambar yanki, lambar dila, sunansa da garinsa. Ba ya faɗin inji, ba ya faɗin launi. Amma idan layin ya ce Yenko a Canonsburg, ko Gibb a La Harpe, magana ta sauya. Da ba don tsoron ɓarayi ba, da wannan ma babu.

Ni a ganina darasin yana nan, kuma ba na motoci kaɗai ba ne. Injiniyoyi sun yi aikinsu, manajoji sun ci albashinsu sun tafi, amma abin da ya riƙe asalin waɗannan motoci aikin akawu ne, irin aikin da ake ba wa wanda ba a ɗauka da muhimmanci ba. Babu wanda ya zauna a 1969 ya ce a adana rasit don jikoki. Takarda tana da wani lokaci mai haɗari a rayuwarta, tsakanin ranar da amfaninta ya ƙare da ranar da ta zama tarihi, kuma wannan tsakanin yakan kai shekara ashirin ko talatin. A cikinsa ne ake cewa ta cika ofis, a ƙone. Wadda ta tsallake, galibi wani mutum ɗaya ne mai taurin kai ya tsaya mata, ko kuwa an ajiye ta don wata buƙata dabam.

Ko an samu rahoton, aiki bai ƙare ba, kuma motocin Gibb su ne misali. Kundin kamfani yana faɗin inda aka aika mota, ba lallai inda aka sayar da ita ba. Waɗannan 37 da ya mayar, La Harpe aka fara kai su, amma wani dila a wata jiha ne ya miƙa makulli ga mai saye. Wanne ne gidan asali? Masu abin sukan rubuta duka biyun. Kuma wannan ba a kan motocin tsere kaɗai yake faruwa ba. Diloli suna musanyar motoci a tsakaninsu kullum: kana da ja, abokin cinikina ja yake so, ga fara ka ba ni. Takardar kamfani ba ta san an yi ba. Sannan lambar dila takan koma hannun wani idan gida ya canja mai shi, don haka lamba ɗaya tana iya zama suna biyu, gwargwadon shekarar da kake tambaya.

Daga nan sai aikin ƙafa da na ɗakin karatu: tsofaffin littattafan lambobin tarho, tallace-tallacen jaridun garin na wannan watan, wani dattijo da ya yi aikin sabis a gidan. Gidajen kansu mafi yawa babu su. A 2009 kaɗai, lokacin da kamfanonin motocin Amurka suka durƙushe, Chrysler ya yanke hulɗa da diloli 789, General Motors ma ya sallami ɗaruruwa. Mai bincike kan isa adireshin ya tarar da coci ko shagon katifa. A da ana iya bin ofishin rajistar motoci na jiha a samu jerin waɗanda suka mallaki mota tun daga na farko. Wannan hanya ta ƙuntata bayan 1989, lokacin da wani mutum ya samo adireshin 'yar wasan kwaikwayo Rebecca Schaeffer ta hanyar bayanan ofishin rajista na Kalifoniya, ya je har gida ya harbe ta. A 1994 aka yi dokar da ta hana fitar da sunaye da adireshin masu mota barkatai. Masu tsofaffin motoci suna ƙorafi a kanta, ni kuwa ina ganin dokar ta yi daidai. Son sanin tarihin ƙarfe bai kai ran mutum ba.

A Turai abin ya fi sauƙi ga wasu. Gidan tarihin motocin Birtaniya da ke Gaydon yana riƙe da manyan littattafan masana'antun Austin, Morris, MG, Triumph da Land Rover, waɗanda akawu suka cika da alƙalami, kuma yana ba da takardar shaida mai nuna ranar da mota ta bar masana'anta da inda aka tura ta. Mercedes-Benz yana da katin bayanai na kowace mota, Porsche ma yana da nasa. Ke nan tsohuwar Marsandi ko Land Rover da ke kwance a bayan wani gida a Kano ko Zinder, mai yiwuwa ne labarin fitowarta yana rubuce a Jamus ko Ingila, alhali labarin shekara hamsin da ta yi a nan babu shi ko a shafi ɗaya.

Mu ma mun yi manyan gidajen mota da sunansu ya isa shaida. Leventis ne gidan Marsandi, SCOA na Fijo, Mandilas na Volkswagen, Briscoe na Toyota. A 1975 masana'antar PAN ta fara haɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, kuma akwai shekarun da sassan motar ta jirgin sama suke zuwa, daga Lyon ta Faransa zuwa filin jirgin Kano, sannan a kai su Kaduna. An daina ƙera Fijo 504 ta zama a Faransa a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Ita ce motar gwamnati, ita ce motar da ma'aikaci ke karɓar bashi ya saya, ita ce ta haya daga Kano zuwa Maiduguri. In akwai motar da ta cancanci a kira ta ta tarihi a ƙasar nan, ita ce. Amma tambayi mai 504 yau daga wane gida ta fito sabuwa, zai ce maka a hannun wani Alhaji ya saya, shi ma a hannun wani. Rasit na farko ya tafi tun canjin hannu na biyu. An sake lamba da aka sauya tsari a 1992, an kuma sakewa bayan 2011. An sauke inji an ɗora na Kwatano. Da yawa ma ba su kai ga a yi tambayar ba, sun ƙare a Panteka da Ƙofar Ruwa, an yanka an auna a sikeli. Abin dariya, motocin da ake shigo mana da su na hannu daga Amurka suna zuwa da tambarin dilansu manne a bayan but, har da sunan gari, muna yawo da shi a titin Zoo Road muna yi wa wani mutumin Texas talla kyauta. Mun fi sanin gidan da baƙuwa ta fito a kan wadda aka haɗa a Kakuri.

Duk da haka mai 504 da ke son bin sawu ba a hannu rabbana yake ba. Farantin masana'anta yana nan a ƙarƙashin bonet in ba a cire ba. Littafin sabis, in ya tsira a aljihun gaba, shafinsa na farko yana ɗauke da hatimin gidan da ya sayar. Wasu gidajen sukan manna sitika a gilashin baya. Sannan akwai wata al'ada tamu da tsoron ɓarayi ya haifar, ta zana lambar mota a jikin gilasai da madubai. An sake fenti, an sake lamba sau uku, amma in gilashin gefe na asali ne, tsohuwar lambar tana nan a kusurwa, mai farawa da KN ko KD ko SO, kuma ita za ta nuna jihar da aka fara yi wa motar rajista. In ta gwamnati ce da aka yi gwanjonta, sawun ya nufi sito ko sashen sufuri na wata ma'aikata. Saura mutane: tsofaffin ma'aikatan masana'anta, akawun diloli, makanikan da suka yi wa sababbin motoci sabis na farko. Wanda ya kama aiki a Kakuri a 1975 yana ɗan shekara 25, yanzu ya haura 70.